Littafin saurare mai kwaɗo a laftof: Audible, Bookshare ko Thorium, wanne zai yi wa makaho a Kaduna?

Satin da ya wuce wata baiwar Allah ta zo shago daga Rigasa ita da ƙaninta da laftof a cikin jakar makaranta, wai an ba shi littattafan saurare a fulash amma duk sun ƙi buɗuwa, ita a tunaninta bairos ne ya cinye su. Na duba na ga fayilolin lafiyarsu ƙalau, ƙarshen sunansu .aax, wato na Audible ne, shagon littattafan saurare na intanet, kuma da akawun ɗin wani mutum daban aka saye su. Na ce mata Hajiya ba bairos ba ne, kwaɗo ne, kuma makullin na hannun wanda ya saya. Tai shiru ta ce to wace manhaja za a sa masa ta buɗe? Wannan tambayar ita kowa ke yi, ni ma ita na yi ta yi lokacin da hawan jinin ido ya tafi da ganin Kawuna, tsohon malamin makaranta ne a Tudun Wada wanda in ka raba shi da littafi kamar ka raba kifi da ruwa ne, na ɓata kusan wata biyu ina sauke manhajoji ina gogewa kafin na gane ashe ta baya na faro abun.

Af, kafin wani ya ce don me nake cewa makaho ban ce mai larurar gani ba, Kawu da kansa ya ce mu daina masa kewaye-kewaye, shi makaho ne kuma ba zagi ba ne. Don haka a yi min uzuri.

Abun da yake faruwa shi ne sautin yana nan cikin fayil ɗin amma an cakuɗa shi ta yadda sai manhajar da ke riƙe da makulli ce kaɗai za ta iya warware shi, DRM ake ce wa wannan tsarin, kuma makullin a ɗaure yake da akawun ɗinka ko da na'urarka. Shi ya sa VLC da ke buɗe komai har da fim ɗin da ya fashe in ka ba shi .aax ba za ka ji komai ba. Kenan ba kai ne za ka zaɓi manhaja ba, inda ka samo littafin shi zai zaɓa maka. Abun da ke hannunka shi ne zaɓen gidan da za ka dinga ɗauko littafi, kuma a nan Kaduna ni da abu uku nake auna kowane gida: in an ɗauke wuta ko sabis ya gudu zai ci gaba da magana? Za a iya sarrafa shi da kibod zalla ba maus? Sannan ta yaya za a biya kuɗin daga nan?

Duk maganar nan ina ɗauka akwai mai karanta sikirin a laftof ɗin, wato manhajar da ke faɗa wa makaho da murya abun da ke rubuce a sikirin. Ni NVDA nake sa wa kowa, kyauta ne, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya ne suka faro shi a 2006, Michael Curran da James Teh, in an shigar da shi Ctrl da Alt da N kawai za ka danna ya tashi. JAWS ma yana da kyau sosai sai dai tsada, in ba ka biya ba minti 40 yake yi ya tsaya sai ka sake kunna kwamfuta, ka ga mai sauraren littafi ba zai jure wannan ba. Wata 'yar dabara da ta taimaki Kawu, in ka danna maɓallin NVDA, wato Insert, da Shift da D yana sa sautin littafi ya yi ƙasa duk lokacin da NVDA ke magana, in ba haka ba muryoyin biyu su haɗu su yi ta cacar baki a kunnenka. Amma sai NVDA ɗin da aka shigar a kwamfuta, na kan fulash ba ya yin wannan.

Bari in fara sallamar wanda ba namu ba. BARD na gwamnatin Amurka ne, ƙarƙashin ɗakin karatun majalisarsu, hidimar tun 1931 take kuma kyauta ce, mutane ne ke karantawa da murya mai daɗi, amma na mazauna Amurka ne da 'yan ƙasar da ke zaune a waje, shikenan. In ɗan'uwanka da ke can ya turo maka folda cike da fayiloli masu .3gp ya ce ga littafi, kar ma ka wahalar da kanka, ba sa buɗuwa sai a manhajarsu ko na'urar da suka ba izini irin su Victor Reader Stream, ita ma sai an sa mata makulli na musamman da sunan mai rajista. Na RNIB, ƙungiyar makafi ta Ingila, ma na mutanen can aka yi shi. Libby, manhajar aron littafi, kuma sai kana da katin ɗakin karatun da ke cikin tsarinsu. Na faɗi waɗannan ne don kar ka ƙona data a banza.

To Audible. Na Amazon ne tun 2008, kuma maganar gaskiya in daɗin saurare ake nema babu na biyunsa a cikin waɗanda za mu iya kaiwa gare su, ƙwararrun masu karatu ne, wani littafin ma marubucin ne da bakinsa. Ba su da shago na Najeriya, sai dai ka buɗe akawun a na Amurka ko na Ingila, na Amurkan kusan dala 15 ne a wata a ba ka kiredit ɗaya ka ɗauki littafi ɗaya komai tsawonsa, kuma wanda ka ɗauka da kiredit naka ne ko ka daina biyan kuɗin wata. Ka lissafa dala 15 da canjin yau ka ga ko aljihu zai ɗauka. Biyan ma wani aiki ne, katin naira yau ya wuce gobe ya ƙi, mu dai ƙarshe katin dala muka nema. Sannan ba kowane littafi za a sayar maka ba, wani za a ce ba a ba da izinin sayar da shi a yankinku ba.

A kwamfuta hanya biyu ce. Ta farko ta cikin burauza, ka shiga laburarenka a shafinsu ka danna littafi wata 'yar taga ta buɗe ta fara karatu. Wannan ita ta fi sauƙi, ba a shigar da komai, akwai ƙara gudu da rage gudu, akwai komawa baya da sakan 30, akwai jerin babi, kuma inda ka tsaya a laftof nan za ka tarar a waya. Da NVDA harafin B kawai kake dannawa yana tsallakawa daga wannan maɓalli zuwa wancan har ka ji wanda kake so. Kawu ya koye ta a yini ɗaya. Matsalarta ɗaya ce amma babba, sai da intanet. Wani dare bayan isha'i ina zaune ina cin tuwo yana sauraren wani littafin tarihi ya kai wajen da ya fi so, sai sabis ya ɗauke ɗif, na ga ya miƙa hannu ya laluba dogon maɓallin nan na ƙasa ya danna, shiru, ya sake dannawa, shiru, ya cire iyafis ɗaya ya juyo wajen da yake jin motsin cokalina ya ce "kai ɗan nan, littafin da na saya da kuɗina sai na jira wani ya ba ni izini kafin in ji?" Na ce Kawu ka yi haƙuri sabis ne. Ya ce a zamaninsu in ka sayi littafi ko aci-balbal ka kunna ka karanta abunka. Ban da amsa, na ci gaba da cin tuwona.

Hanya ta biyu ita ce ka sauke fayil ɗin .aax daga shafinsu ka buɗe shi da iTunes, karon farko zai nemi ka shiga da akawun ɗinka na Audible ya ba kwamfutar izini, daga nan ko babu intanet zai yi. Sun taɓa yin manhajar Windows 10 tasu ta kansu amma sun rufe ta a 2022, shi ya sa ake zagayowa ta iTunes. Wanda ke da Mac kuma Apple Books ne ke wannan aikin. Amfanin a fili yake, ka je inda sabis ke da ƙarfi ka sauke sau ɗaya ka dawo gida ka huta. Ga lissafin data: in sautin na kilobit 64 ne awa ɗaya tana cin kusan MB 29, littafin awa 15 kenan ya haura MB 430, in ka zaɓi mai inganci sosai kuma ya ninka. Amma iTunes ba don makafi aka gina shi ba kuma ba don littafi ba, don waƙa ne, yana da nauyi a tsofaffin laftof ɗin da muke saya na hannu, sai ka yi ta danna F6 da Tab kana neman inda littattafan suke, kuma babu ƙara gudun karatu, wanda duk wanda ya saba da mai karanta sikirin zai gaya maka karatun gudu ɗaya kamar tafiyar hawainiya yake ji. Yana dai tuna inda ka tsaya, kuma Ctrl da Shift da kibiyar dama na kai ka babi na gaba. Ƙari a kan haka littattafan nan da suke bari ka saurara kyauta saboda kana biyan kuɗin wata ba sa saukuwa ta wannan hanyar, sai wanda ka saya.

Bookshare kuma wata duniya ce daban, kuma a nan zan ɗan daɗe don ita ce mutanenmu ba su sani ba. Wata ƙungiya ce mai suna Benetech a Amurka ta buɗe shi a 2002 musamman don waɗanda ba sa iya karanta rubutun takarda, littattafansu sun haura miliyan ɗaya, kuma suna karɓar mambobi daga wasu ƙasashe ba Amurka kaɗai ba. Sharaɗin shi ne ka kawo shaidar larura daga ƙwararre, mu kuwa Allah ya taimake mu ga Asibitin Ido na Ƙasa a cikin garinmu, likitan da ke duba ka zai iya cike maka. Kuɗin rajista ya danganta da ƙasar da kake, a shafinsu za ka gani. Kuma ba duka miliyan ɗin za ka gani daga Najeriya ba, sai waɗanda aka ba da izininsu a nan, duk da haka ba za ka iya cinye su ba.

Su nasu kwaɗon ba irin na Audible ba ne. Ba sa kulle fayil ɗin ya ƙi buɗuwa, sai dai su dasa sunanka da alamarka a cikinsa, in ka raba a guruf aka gano za a san daga wajenka ya fita a rufe maka akawun. Ni wannan ya fi min, an yarda da kai amma an san ka. Saboda haka littafin zai buɗu a manhajoji da yawa, Dolphin EasyReader kyauta ne a Windows kuma yana shiga Bookshare kai tsaye ka nemo littafi ka sauke daga ciki, Thorium ma yana buɗewa, mai JAWS kuma yana da FSReader da ke zuwa tare da shi. AMIS da tsofaffin hannu suka sani ya tsufa an daina gyara shi, kar ka fara da shi yanzu.

Inda za ka ji bambanci shi ne murya. Bookshare yawanci rubutu ne, inji ke karanta maka, ko muryar da ke cikin Windows ko ta NVDA, ko ka sauke shi a MP3 wanda shi ma injin ne ya karanta. Kawu da ya ji karon farko cewa ya yi wannan ai kamar mai sanarwa a tashar jirgi. Amma ga ɗalibi wannan rubutun shi ne dukiyar. Tsarin DAISY, wanda ƙungiyarsa ta kafu a 1996 kuma asalinsa daga Suwidin, an yi shi ne don makaho ya yi yawo a cikin littafi yadda mai ido ke yi, ka tsallaka babi, ka shiga ƙaramin kanu, ka ce kai ni shafi na 112 ya kai ka. Akwai wata ɗaliba da ke karatu a jami'a a nan garin da nake gyara wa laftof, ita ta nuna min abun da ban taɓa tunani ba, ta tsayar da karatun a kan sunan wani marubuci ta dinga danna kibiyar dama tana jin harafi ɗaya-ɗaya har ta haddace yadda ake rubuta shi, sannan ta duba lambar shafi ta sa a asamen ɗinta. Ta ce min "Yaya, a Audible zan ji sunan sau ɗari amma ban san ko da C ake rubuta shi ko da K ba, kuma malami shafi yake tambaya ba minti ba." Wallahi daga ranar na daina ba ɗalibai shawarar Audible a matsayin na farko. Ga kuma data, littafin rubutu in ba hotuna bai fi 'yan MB ba, abun da za ka kashe a littafin Audible ɗaya ya ishe ka sauke na zango guda.

Akwai kwaɗo na uku da ake kira LCP, shi ne ɗakunan karatu da shagunan littafi da dama musamman a Turai ke amfani da shi, kuma Thorium Reader ne ke buɗe shi a kwamfuta. Wata ƙungiya ce EDRLab a Faransa ke yin Thorium, kyauta ne, yana hawa Windows da Mac da Linux, kuma da masu karanta sikirin a zuciya aka gina shi. Yadda yake, za a ba ka ɗan ƙaramin fayil mai .lcpl ka buɗe a Thorium ya sauko da littafin, ya tambaye ka kalmar sirri sau ɗaya, shikenan ko ba intanet zai yi, in aro ne ranar da wa'adi ya cika ya rufe kansa. A cikin kwaɗunan gaske wannan ya fi mutunta makaho. Sai dai fa Thorium ba shago ba ne, ba ya zuwa da littafi ko ɗaya, kuma ba ya buɗe na Audible ko na BARD, don haka ka sa shi a laftof ya zauna, ranar da ka samu inda ke ba da LCP ko DAISY ko EPUB, wato fayil ɗin littafin rubutu, zai yi maka rana.

Na san wani zai ce ai akwai manhajojin da ke fasa kwaɗon Audible su mai da shi MP3. Akwai, ba zan yi ƙarya ba, amma ya saɓa sharaɗin da ka amince da shi lokacin buɗe akawun, kuma ni ba na yi wa mutane a shago. Ta ɓangaren doka, yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 da Najeriya ta amince da ita a 2017 ta ce kar kwaɗo ya hana makafi cin moriyar sassaucin da aka yi musu, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta shigo da sassaucin mai da littafi yadda makaho zai iya karantawa. Amma wannan ba lasisin raba littafin mutane a WhatsApp ba ne, hanyar da aka shimfiɗa ita ce ta ƙungiyoyin da aka amince da su, su ne ke musayar littattafai tsakanin ƙasashe ta tsarin ABC da WIPO, hukumar haƙƙin mallaka ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa a 2014. In kana cikin ƙungiyar makafi ta ƙasa wannan ita ce maganar da ya kamata ka dinga tayarwa a taro. Abun da na fi gani da idona kuma shi ne laftof ɗin da aka kawo min bayan an sauke "kirak" daga wani shafi, talla na ta buɗe kanta NVDA na ta karanta shirme, mai ido zai ga taga ya rufe, makaho sai dai ya zauna yana jin kwamfutarsa na surutu.

Kar kuma a manta ba kowane littafi ke da kwaɗo ba. LibriVox tun 2005 'yan sa-kai ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, MP3 ne kyauta, wani mai karatun ya iya wani kuma sai haƙuri. Libro.fm na sayar da sababbi ba kwaɗo, ka saya ka sauke ka sa a VLC ko duk abun da ka ga dama. Na Hausa kuwa kar ka sa rai da waɗancan manyan gidajen, abun da ake samu yawanci karatun littattafan da ake ɗorawa a YouTube da wanda ake yi a rediyo ne da karatuttukan malamai, su kuma ba ruwansu da kwaɗo, matsalarsu dai ba babi ba shafi, fayil ɗaya awa uku in ka ɓata wajen da ka tsaya sai lalube. In kuma ka ba muryar Turanci rubutun Hausa ta karanta, ƙ da ɗ da ɓ duk sai ta hadiye su ko ta kira su da wani suna, dariya kawai za ka yi.

To in ɗalibi ne ko malami ko duk mai buƙatar ya ɗauko magana daga littafi ya rubuta, ya fara da Bookshare da EasyReader, ya ajiye Thorium a gefe, kunnensa zai saba da muryar inji cikin sati biyu. In dattijo ne irin Kawu da daɗin murya yake bi kuma akwai mai biya masa dala, Audible, amma a sa masa iTunes a sauke littafin tukun, burauza ta zama ta ranar da sabis ke da kyau. In babu halin dala ko kaɗan, LibriVox da VLC ba sa neman ko sisi sai data.

Shi yaron Rigasa da na tambaye shi ashe SS2 yake kuma littattafan adabin Turanci na jarabawa yake nema, ba ma abun da ke cikin fulash ɗin ba. Na goge masa .aax ɗin da izininsa don sun cinye masa kusan GB 3 a banza, na sa masa NVDA da EasyReader, na rubuta wa yayar abun da za su nema wajen likita ranar da za su koma asibiti. Kawu kuma yanzu duk ranar Asabar nake ɗaukar laftof ɗinsa in tafi da ita shago in sauke masa na sati, in na dawo tun daga zaure yake tambaya awa nawa ne wannan, in bai kai awa 20 ba sai ya ce an cuce shi a kiredit.